Shekarar da Aka Hana Gola Zagi

Matso nan kusa ka ji, jawo 'yar kujerar nan. Maganar ba ta ɗaga murya ba ce, don maigidan yana zaure da rediyonsa, kuma har gobe in aka taɓo ta sai ya ce ni ban san ƙwallo ba. Ta wani gefen da gaskiyarsa. Ban taɓa tsayawa bakin fili na kalli wasa ba. Amma na ji wasa. Shekaru na yi ina jin sa ta bayan katanga.

Gidanmu a Zuru, katangarsa ta baya ita ce iyakar filin makarantar firamare, raga ɗaya kuwa tana bayan madafina daidai. Gola ko tari ya yi ina ji. A shekarun nan da wayar hannu ta fara shigowa gari, ana hawa tudu neman sabis, uwar mijina ta kwanta da shanyewar ɓarin jiki. Inna muke ce mata. Ba ta juyawa sai an juya ta, ba ta shan kunu sai da cokali, kuma ba ta yarda da hannun kowa sai nawa. Dama can ni ba mai yawo ba ce, sai ciwon Inna ya zo ya rufe ƙofar gaba ɗaya. Coci ma sai dai in ji ƙararrawa daga nesa. Duniyata ta koma ɗakin Inna, da murhu, da igiyar shanya, da wannan katanga.

Maigidan tsohon soja ne. Ya bar aiki ya dawo gida da ɗingishi a ƙafar hagu da usur a aljihu, ya tara samarin unguwa ya kafa kulob. Saje suke ce masa. Ni ke wanke musu riguna, ni kuma ke tuƙa tuwo, don ya kafa al'ada cewa ranar wasa duk sai sun zo tsakar gidana sun ci a faranti ɗaya, babban farantin nan na biki, Kirista da Musulmi, kowa ya yi addu'arsa ya sa hannu. In sun tashi farantin kamar an lashe.

A cikinsu akwai biyu da ke kwana a gidan. Ɗaya ƙanena ne, shi ne gola. Ɗayan ƙanin maigida ne, shi ke tsaron baya, lamba biyar. Sa'o'in juna ne, ɗaki ɗaya suka tashi a gefen zaure, tabarma ɗaya, har wando suna musaya.

Bari in gaya maka abin da ƙanen nan nawa yake a wurina, don in ba ka san shi ba sauran labarin zai zame maka wasan yara. Gidan da aka haife ni aikin soja ya cinye shi. Babanmu ya yi, ya dawo ba lafiya. Yayanmu ya tafi, akwatinsa da bargonsa kawai aka kawo mana. Wannan shi ne auta, ni na goye shi, da shi na zo gidan aure. Duk lokacin da aka ce an fara ɗaukar sabbin sojoji, samarin garinmu suka cika motoci, sai in leƙa ɗakinsu in ga ko yana nan. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce shi da raga mutu ka raba. Ƙwallo ce ta riƙe mini shi a gida, ni na sani, shi ya sa ban taɓa ƙorafin wankin rigunan nan masu warin zufa ba.

To, yaran nan biyu ba su iya buga ƙwallo ba sai da zagi. Daga an busa usur ake farawa.

"Kai, ƙafar katako! Hagunka! Makaho ne kai?"

"Rufe mana baki, kwando! Jiya mi ka kama in ba iska ba?"

"Bar min ita! Bar min ita na ce, ɓarawon nama!"

"Ɗauka, in kana iyawa, kai kamar tulu!"

Haka za su yi ta yi har a tashi. Ni ina tsugune ina tankaɗe, ina bin wasan da bakinsu. In na ji "hagunka" na san ta inda abokan gaba suka ɓullo. In na ji "bar min ita" sai in dakata da rariya, har in ji ƙarar ƙwallo a ƙirjin ƙanena, tim, sannan in ci gaba. Inna ma daga kan gado tana jin su ta taga. Hausa ba ta zauna mata sosai ba, amma zagi ba ya buƙatar tafinta, balle suna haɗawa da yarenmu. Rabin bakinta mai motsi sai ya karkace, kafaɗarta ta yi ta rawa. Dariyarta ke nan, kuma ita kaɗai ta rage mata.

In sun shigo gida kuma a ɗora daga inda aka tsaya. Bokiti ɗaya na wanka sai an yi kokawa a kansa. Ƙanin maigida ya leƙo madafi ya ce, "Amarya, don Allah wannan ƙanen naki da kwando anka haife shi?" Amarya yake ce mini don tsokana, alhali 'ya'yana sun fara tasawa. In ce masa, "Je ka tambayi ƙafarka da ta ba da ƙwallon." Sai su haɗu su biyu su cinye ƙanzon tukunya.

Kulob ɗin kuwa ba wani abin kirki yake ci ba, in gaya maka gaskiya. Yau a ci su, gobe a yi canjaras, jibi su ci. Baya a tsare yake, amma gaba babu mai jefawa a raga.

Ana nan wata ranar Lahadi aka yi wasa da mutanen Dabai, sai wani tsohon abokin aikin maigida ya zo daga Birnin Kebbi ya kalla. Mutum ne mai shiga harkar ƙwallo can, an ce yakan kai yara manyan kulob. Bayan wasa suka zauna a zaure, na kai musu ruwa, na ji da kunnena yana cewa, "Saje, yaranka suna da ƙafa, amma ba jituwa. Golanka da lamba biyar kamar za su kashe juna. Kulob ɗin da ba ya ga maciji da kansa ba ya zuwa ko'ina. Dubi na Turai da kake kallo, rungumar juna suke."

Na ga yadda maigidan ya riƙe kofin ruwan. Mutumin da ya horar da kurata a ce masa gidansa ba tsari, a gaban baƙi, ai an taɓa shi inda ke masa ciwo.

Ranar wasa ta gaba, an ajiye faranti, kafin kowa ya sa hannu ya miƙe tsaye da sandarsa.

"Daga yau," in ji shi, "duk wanda ya zagi ɗan'uwansa, a fili ko a gida, ba ya sa hannu a farantin nan. Kwano za a zuba mishi daban, ya ci a gindin katanga can. Kuma ranar ba ya buga wasa. Kun ji?"

"Mun ji, Saje!"

Ya juyo wajena. "Ke za ki zuba."

Ni ce zan zuba. Ka riƙe wannan.

Kwanakin farko abin dariya ya zama. Ina ji ta katanga ƙanena ya buɗe baki, "Kai ƙafar ka..." sai ya haɗiye, ya ce, "ɗan'uwa, don Allah duba hagu." Kafin ya gama roƙon, ƙwallo ta wuce. Sauran yara su kwashe da dariya, usur ya katse su. Amma harshen da ya saba ba ya daina motsi don an ba shi oda. Wata yamma wajen horo na ji zagi ya fito daga bakin ƙanena cikakke, da ƙarfinsa, har da uwar katakon. Maigidan yana can ɗaya ƙarshen filin, bai ji sosai ba. Da suka shigo gida ya tsayar da ƙaninsa a tsakar gida, ina kwashe shanya.

"Ya zage ka ko bai zage ka ba?"

Yaron ya dubi ƙasa. Ya dubi ƙanena. Ya dubi ni, kamar ni ce zan fid da shi. Maigidan, wansa, shi ya riƙe shi tun mutuwar ubansu, bai taɓa yi masa ƙarya ba, kuma ba a yi wa Saje shiru.

"Ya zaga," ya ce, da ƙyar.

Ranar Lahadi na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka, na cika faranti. Sannan na ɗauko ƙaramin kwanon sha na zuba malmala biyu. Yara sun zagaye faranti ba mai kallon wani. Na ratsa su da kwanon a hannu har gindin katanga, inda agwagi ke kwana, na ajiye a gaban yaron da na goya. Na so in ce masa wani abu, idon maigida yana bayana. Shi kuwa ya ɗago ya ce, "Na gode, Yaya." Bai ci ba. Agwagi suka ci.

Ranar wani yaro aka sa a raga, kuma ka ji ikon Allah, suka ci wasan. Domin a makon ne ɗan wani Inyamuri mai shagon kayan babur ya shigo kulob ɗin. A Zuru aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa, ƙafarsa kuwa in ta taɓa ƙwallo sai ka ji fili ya ɗauki ihu. Abin da suka rasa shekara da shekaru, mai jefawa a raga, ga shi ya zo da ƙafarsa. Maigidan ya shigo yana ɗingishi da sauri kamar zai yi rawa, ya ce, "Kin gani? Ladabi! Jituwa! Rana ɗaya kawai!"

Ƙanena ya koma raga a wasa na gaba, kuma bai sake zagin kowa ba. Bai sake yi wa lamba biyar magana ba ma, sai gaisuwa. "Ina kwana." "Lafiya lau." Kamar baƙi biyu a tashar mota. Ya ɗauke tabarmarsa ya koma ƙarƙashin rumfa ya ce ɗakin zafi. A fili kuwa bayan madafina ya mutu. Sai ƙarar takalma, sai numfashi, sai usur. Na daina sanin ta ina ƙwallo take. Inna takan juyo da ido wajen taga ta jira, ta jira, sannan ta tambaye ni da yarenmu, da bakin nan nata mai nauyi, "Sun tafi ne?" In ce suna nan, Inna. Ta ce to me ya same su. In gyara mata matashi in fita.

Kuma suna ta ci. Nan ne abin ya ɗaure ni. Suka hau babura suka je Kanya suka ci, suka dawo suna hon tun daga bakin gari. Da a ce ana cin su, da na sami bakin magana. Amma ta yaya za ka ce wa mutum maganinsa guba ne alhali marar lafiya ya tashi yana gudu?

Duk da haka na gwada. Wata safiya maigidan yana zaune yana ɗinke raga da zaren buhu, na kawo masa kunu na tsuguna.

"Baban yara, yaran nan fa ba sa magana."

"Ba sa zagi dai."

"Ba sa magana, na ce. Zagin nan da kake ji, shi ne maganarsu. Tun suna tsirara haka suke."

"Shi ya sa tun suna tsirara ba su ci kofi ba." Ya ciji zaren. "Ke da ko bakin fili ba ki taɓa zuwa ba, mi kika sani? An ci Kanya ko ba a ci ba?"

"An ci."

"To."

Shi ke nan, "to" ɗin nan ya rufe ni kamar murfin tukunya. Ba mugu ba ne, kada ka ɗauke shi haka. Shi ya ga abin da ido ke gani, ni kuwa abin da nake da shi shiru ne, kuma shiru ba a ɗaukar sa a kai gaban mutum a ce ga shi.

Na koma wajen ƙanena, ya ce, "Yaya, ba doka anka kafa ba? Ina bin doka." Na koma wajen ɗayan, ya ce, "Amarya, mi zan ce mishi? In na tsokane shi ya rama, ya koma gindin katanga, ni na ja. In na ba shi haƙuri, kallona yake kamar na zo biyan haraji." Ranar ko dariyar Amarya bai yi ba.

Sai na yi dabarar mata. Ranar da aka yanka kaza na zuba musu tuwo a kwano ɗaya kamar da, na ɗora cinya guda ɗaya tak a tsakiya, na koma madafi na kasa kunne. Da can, da kafin in juya baya an kifar da miya. Ina jira in ji "ɓarawon nama". Abin da na ji shi ne:

"Ɗauka."

"A'a, kai dai ɗauka."

"Na ƙoshi."

"Ni ma."

Cinyar ta dawo mini a kwano, ta yi sanyi, mai ya daskare a kanta. Na tsaya ina kallon ta, hawaye ya zo mini a kan cinyar kaza, ka ji fa.

Wasan ƙarshe na kofin da ake yi bayan girbi a filinmu aka buga shi, da mutanen Ribah. Garin ya taru har kan katangata, yara sun hau suna zubo mini ƙasa a tukunya. Ina ɗakin Inna na buɗe taga. Ɗan mai shagon ya jefa ɗaya tun kafin hutu, ƙasa ta girgiza. Daga nan Ribah suka dawo da ƙarfi, duk wasan ya tattaro bayan madafina. Can kusa da tashi sai usur, sai hayaniya, sai na ji ana ta cewa fenareti. Wani yaro a kan katanga ya leƙo ya ce mini, "Mama, lamba biyar ne ya sa hannu!"

Na riƙe ƙarfen gadon Inna. Filin ya yi shiru har ina jin kukan akuyar maƙwabta. Na san abin da ya kamata in ji a daidai nan. Ya kamata in ji ƙanena ya zazzage shi tas, shi da hannunsa na ɓarawo, ɗayan ya ce in ka isa gola ka kama mu gani. Na ji muryar ƙanena kuwa, a hankali, a sanyaye, irin muryar da ake yi wa baƙon da ya taka maka ƙafa a kasuwa.

"Ba komai."

Sai bugu. Sai tim a ƙirji. Sai duniya ta fashe da ihu.

Ya kama. Suka ɗauki kofi. Aka ɗaga maigida sama da sandarsa, aka shigo da shi tsakar gida, ana kiɗa da bokitaina. Ya tsaya ya yi jawabi, ya kamo hannun gola da na lamba biyar ya haɗa ya ɗaga, ya ce ga sirrin nan kowa ya gani, a shekara ɗaya ba wanda ya ji kansu. Jama'a suka tafa. Ni ina bakin madafi ina kallon hannuwan nan biyu, yana saki suka faɗi kowanne gefensa.

Ba a daɗe ba aka fara ɗaukar sojoji. Da safe ne, ina dama kunun Inna, ƙanena ya shigo madafi da 'yar jakarsa, ya ajiye safar hannunsa ta gola a kan turmi, a wanke, a ninke.

"Yaya, zan tafi Zariya shiga soja."

Ludayin ya tsaya a hannuna. Na ce, "Kai da ka ce kai da raga mutu ka raba? Kai da ka ci kofi?"

"Kofin Saje ne." Ya yi ɗan murmushi. "In dai tsayuwa ce a yi shiru a bi oda, gara in yi ta inda ake ba da kaki. Nan ɗin na riga na koya."

Na so in bi shi tasha in riƙe rigarsa a gaban mutane, ko kunya za ta dawo da shi. Na kai bakin zaure da zane a hannu, sai Inna ta yi kira daga ɗaki, irin kiran da ke nufin a zo a juya ta yanzu. Na tsaya, ƙafa ɗaya a waje ɗaya a ciki. Ƙanin maigida yana jingine da bango a ƙofar gida, idonsa ja. Ƙanena ya zo wucewa ta gabansa, suka dubi juna. Na roƙi Allah a zuciyata, kalma ɗaya, ko kwando, ko katako, kowace ce.

"Allah ya kiyaye hanya."

"Amin. Na gode."

Na koma na juya Inna.

Yana nan da rai, kada ka tsorata, Allah ya tsare mini shi. Yakan zo Kirsimeti wata shekara, ya yi ƙiba, ya yi 'ya'ya, ya iya zama shiru kamar babanmu. In sun haɗu da ƙanin maigida sukan gaisa da hannu biyu, su tambayi iyali, su tambayi gona. Inna ta rasu a damina ta biyu bayan tafiyarsa, ban sake ganin kafaɗarta ta yi rawa ba. Ɗan mai shagon kuwa wani kulob ya ɗauke shi, kuma daga tafiyarsa namu bai sake cin ko faranti ba, duk da ba mai zagin kowa. In na faɗi haka maigidan sai ya ce yaran yanzu ne ba su da horo.

Kofin ga shi can saman kabad, maɓallai da allurai nake zubawa a ciki. Duk baƙon da ya zo sai an sauko da shi an goge, an ba shi labarin shekarar jituwa. Ni in kawo ruwa in koma madafi. To kai da ka zauna ka ji ta bakina, kuma ba ka cin tuwon kowa a cikinmu, gaya mini tsakaninka da Allah: wace shekarar ce yaran nan suke jituwa, wadda suka ci kofi ko waɗanda suka yi ta zagin juna?